An ce in koya wa 'yan aji biyar yawan mutanen duniya, ta ina zan faro?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Don Allah ina neman shawara, kaina ya kulle. Ina koyar da darasin zamantakewa a wata firamare mai zaman kanta. Asali ba fannina ba ne, Hausa na karanta, amma tun da malamin ya ajiye aiki aka ɗora min, wai na ɗan lokaci kafin a ɗauki wani. Har yau shiru, albashi bai ƙaru da ko sisi ba, ga azuzuwan Hausa suna nan a kaina, kuma in na yi magana a ce na cika ƙorafi. To yanzu hedimasta ya ce 11 ga Yuli ita ce Ranar Yawan Al'umma ta Duniya, yana so ajina su gabatar da wani abu, iyaye ma za su zo. Na rubuta 8,000,000,000 a allo, yara suka ƙirga sifirai suka yi dariya, shi ke nan. Wani har ya tambaye ni ko Kano ta fi Chaina mutane. Littafinmu kuma biliyan 7 ya rubuta. Sannan ina tsoron kada iyaye su ce ƙayyade iyali nake cusa wa 'ya'yansu. Yaya zan yi?

Wata malamar firamare: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Su nawa ne a ajin, kuma minti nawa aka ba ki?

Mai tambaya: Suna da yawa gaskiya. Lokaci kuma bai faɗa ba.

Tsohon malamin labarin ƙasa: Malama, goge sifiran nan. Ɗan shekara goma ba ya jin bambancin miliyan da biliyan, manya ma da yawa ba sa ji. Abin da yake iya riƙewa shi ne ɗari. Ki sa yara su tara marafan gorar ruwa guda 100, na roba, ban da na kwalbar lemo don bakinsu na yanka. Kada ki yi da wake ko gyaɗa, rabi zai ƙare a baki, rabi a jifa. Ki ce musu an matse mutanen duniya duka sun koma ɗari, kowane marfi mutum miliyan 80 ne. Ki zana nahiyoyi a tsakar makaranta da toka.

Kafin ki faɗi komai, ki ba su marafan su raba yadda suke zato. Kada ki tsallake wannan, a nan darasin yake. Za ki ga sun jibge su a Amurka da Turai, domin su suke gani a talabijin. Sai ki gyara a gabansu, ɗaya bayan ɗaya, suna ƙirgawa da ƙarfi: Asiya 59, Afirka 18, Turai 9, Latin Amurka 8, Amurka ta Arewa 5, Ostireliya da tsibiran da ke kewaye da ita 1. Wannan ɗayan ma alfarma aka yi musu, rabin marfi ne rabonsu. Daga tulin Asiya ki ware 18 ki ce Indiya ce, 17 Chaina. Ƙasa biyu kacal, sun haura kashi ɗaya bisa uku na duniya, kuma a 2023 Indiya ta wuce Chaina, saboda haka in littafinki ya ce Chaina ce ta ɗaya, shi ma ki gyara. Daga na Afirka ki ware 3, Najeriya ke nan, ta shida a duniya bayan Indiya, Chaina, Amurka, Indonesiya da Pakistan. Yaron da ya tambayi Kano ki miƙa masa marfi ɗaya ki ce ya nuna miki Kano a ciki. Ko kashi ɗaya bisa huɗu na marfin ba ta cika ba.

Batun biliyan 7 kuwa, gaskiya ne a 2011. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya 15 ga Nuwamba 2022 a matsayin ranar cika biliyan 8.

Malamin lissafi: Baba, da girmamawa, marafai suna nuna rabo ne, ba sa nuna girma. Yaro zai tashi yana ganin duniya mutum ɗari ce. Malama, ki haɗa da agogo. In za a ƙirga mutum ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, miliyan ɗaya kwana 11 da rabi ne. Biliyan ɗaya ya kusa shekara 32. Biliyan 8 ya haura shekara 250. Ki bar su su yi lissafin farko da kansu: 60 sau 60 sau 24 ya ba da 86,400 a yini. Inda suke tuntuɓe shi ne wajen rabawa, sukan yar da sifiri ɗaya, sai amsa ta fito kwana ɗaya da 'yan awanni.

Wata malamar firamare: Kuma Yuli damina ce, Baba. Toka a tsakar gida ruwa ɗaya zai tafi da ita. Ta yanka buhunan shinkafa marasa komai, buhu ɗaya nahiya ɗaya, ta rubuta suna da alƙalamin maka. Amma ni da za ta ji tawa, ba daga Asiya za ta faro ba. Yaro daga gida yake fahimtar duniya. Ta ba kowa ƙaramar takarda ya rubuto mutum nawa suka kwana a gidansu daren jiya, ba suna, adadi kawai, a jefa a kwali a tara. Nan da nan tambayoyi za su taso: baƙon da ya zo daga ƙauye fa? Almajirin da ke kwana a zaure fa? Baban da ke da gida biyu, a wane za a sa shi? Sun gane ke nan me ya sa ƙidaya ke da wuya, kuma me ya sa ake cewa "kimanin".

Tsohon malamin labarin ƙasa: A'a. Wannan shi zai jawo mata abin da take gudu. Akwai gidajen da har gobe ba a ƙirga 'ya'ya a cikinsu. Yaro ya koma gida ya ce malama ta ce a ƙirga mu, washegari uban yana ofishin hedimasta. Kuma a cikin aji za a fara "gidanku ku talatin ne", tsokana ta tashi. Ta tsaya a kan marafai. In buhu ne, na yarda da buhu.

Wani ma'aikacin ƙididdiga: Ku kuna ta cewa marfi 3, wa ya ƙirga? Rabon ƙasar nan da ƙidaya tun 2006, aka samu miliyan 140. Kano miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1, kuma Legas ba ta yarda ba. Wadda aka shirya a 2023 aka ɗage ta. Duk miliyan ɗari biyu da wani abu da kuke ji hasashe ne, an ɗauki adadin 2006 ana ƙara masa kashi biyu da ɗoriya cikin ɗari kowace shekara. Yaran da take koyarwa ba a taɓa ƙirga ko ɗayansu a ƙidayar ƙasa ba. Da wannan ake raba kujerun majalisa, da shi ake lissafin azuzuwa, sannan a yi mamakin yara sun cika aji har taga. Nijar ma da ta yi tata ƙidayar bayan tamu, ta 2012 ce, miliyan 17.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Amma gaskiya hedimasta hadda yake so. Kowane yaro ya riƙe kwali da sunan ƙasa da adadin mutanenta, ya fito ya faɗa. Na riga na sayi kwalayen da kuɗina. Marafai kuma yaranmu ba su da natsuwa, za su watsar.

Tsohon malamin labarin ƙasa: Hadda za ta zube kafin su isa bakin ƙofa. Kwalayen ba su ɓaci ba, ga aikinsu. Ki samo igiya mai tsawon santimita 218, santimita ɗaya shekara ɗaya. Ki ƙulla ƙulli a farkonta: 1804, biliyan 1. Na biyu a santimita 123, wato 1927. Sai 156 don 1960, 170 don 1974, 183 don 1987, 195 don 1999, 207 don 2011, 218 don 2022. Igiyar ta zama siririya, kuma ki auna bayan kin ƙulla, domin kowane ƙulli yana cin tsawo. Yara takwas su riƙe kwali, kowa da shekararsa, su nuna ƙullinsu. Na farko zai tsaya shi kaɗai can gefe, sauran su cunkushe a ƙarshe kafaɗa da kafaɗa. Iyaye za su gani ba sai an yi musu bayani ba. Shi na 1987 ya ƙara da cewa a 11 ga Yulin shekarar aka cika biliyan 5, daga nan ranar ta samo asali.

Wani uba: To a nan ne matsalar take, Malam. In yaro ya ga cunkoson nan, me zai ɗauka in ba cewa mutane sun yi yawa ba? Ya dawo gida ya kalli ƙannensa a matsayin matsala? Mu ba mu kai 'ya'yanmu makaranta don wannan ba. Kullum abu in ya fito daga Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙarshensa Afirka ta rage haihuwa.

Tsohon malamin labarin ƙasa: Alhaji, in an koyar daidai ba haka zai ɗauka ba. Ƙullin ba don haihuwa ta ƙaru suka matsu ba, mutuwa ce ta ragu. A 1950 matsakaicin tsawon rai a duniya bai kai shekara 50 ba, yanzu ya haura 70. Rigakafi, ruwa mai tsafta, magani, takin zamani. Agana da ta riƙa kashe mutane tana makantar da wasu, a 1980 aka sanar an kawar da ita daga duniya. Haihuwa ma sauka ta yi: a shekarun 1960 mace kan haifi kimanin 5 a matsakaici, yanzu bai kai 2 da rabi ba. Koriya ta Kudu ta faɗi ƙasa da 1, Japan mutanenta raguwa suke yi, tsofaffi sun yi yawa, masu aiki sun yi kaɗan. Hasashen Majalisar shi ne sai wajen 2037 za a kai biliyan 9, ƙullin sun fara buɗewa ke nan. Malama, ki faɗi wannan, ki tsaya nan. Kalmar "sun yi yawa" kada ta fito daga bakinki. Nawa ya kamata a haifa ba tambayar aji biyar ba ce.

Malamar islamiyya: Ta buɗe da aya ta 13 ta Suratul Hujurat, inda aka ce an sanya mu al'ummomi da ƙabilu domin mu san juna. Iyaye za su saki jiki. Sannan ta sake raba marafan ta wata fuska: kimanin 25 Musulmi ne, kuma mafi yawansu ba Larabawa ba ne. Yara kan zaci Saudiyya ce ta fi Musulmi, alhali Indonesiya da Pakistan kowacce ta ninka ta sau da yawa.

Wata malamar firamare: Ai ba ta gaya mana ko duk yaran Musulmi ne ba.

Malamin lissafi: Wani abu kuma, taswirar bango tana ruɗa yara. Irin wadda aka fi sayarwa tana kumbura ƙasashen arewacin duniya, tsibirin Girinlan ya fito kamar ya kai Afirka, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14. Kuma girman ƙasa ba shi ne yawan mutane ba. Rasha ta fi kowace ƙasa faɗi, amma Bangaladesh da ba ta kai kashi ɗaya bisa shida na faɗin Najeriya ba ta fi ta mutane.

Mai tambaya: Duk na karanta. Amma ku gane, ba ni na zaɓi darasin nan ba, kuma in abu ya lalace a gaban iyaye ni za a kalla, ba ku ba. Hadda dai na san za su iya. Wataƙila in sa igiyar a ƙarshe in lokaci ya rage. Baba, in na ba yara goma ƙasashe goma, waɗanne ne bayan Najeriya?

Tsohon malamin labarin ƙasa: Barazil, Bangaladesh, Rasha, sai Habasha da Meziko suna kankankan a ta goma. Amma har yanzu ina kan bakana, marafai.

Wani uba: Ni dai ba a amsa min ba. Wa ya ce dole sai an yi bikin ranar nan tun farko?