Neman suna ga takardar da mutane da yawa ke rubutawa lokaci ɗaya

Assalamu alaikum, malamai da ma'abota harshe. Mu huɗu ne muke rubuta ɗan littafi da Hausa kan haɗa wutar sola a gida: ni a Katsina, biyu a Daura, ɗaya a Funtuwa. Da muka gaji da tura wa juna fayil ta WhatsApp har aka rasa wanne ne na ƙarshe, sai muka koma Google Docs, wanda ya fito tun 2006. Takarda ɗaya ce a intanet, kowa yana rubutu a cikinta lokaci guda, yana kuma ganin layin da ɗan'uwansa ke kai. Tana da 'yan'uwa irin su Etherpad, wanda Google ya saya a 2009, mai ba kowane marubuci launinsa, da Overleaf na masu rubutun lissafi. Sunanta da Hausa ne muka rasa, ga shi kuwa dole mu ambace ta a gabatarwa.

Ɗaya daga cikin abokan aikinmu na Daura ya kawo "allon haɗaka", amma ban gamsu ba. Allo ana wanke shi a sake rubutu, na jiya ya tafi ke nan, alhali wannan abin yana ajiye kowane gyara da sunan wanda ya yi shi da lokacin da ya yi, har ana iya komawa ga rubutun makon jiya. Wani ya ce "taron dangi", sai muka yi dariya, domin wannan sai a wurin duka.

Ni ina kan "daftarin gayya". Daftari ne saboda ba a kammala shi ba, kullum yana karɓar gyara. Gayya kuwa ita ce ta fi kama da yadda ake kafa shi, domin gonar tana da mai ita, shi ne yake kiran jama'a, shi ne kuma yake raba aiki: wannan ya karanta kawai, wancan ya yi tsokaci a gefe, wani kuma a sakar masa ya gyara. Ko adireshin da ake turawa don a shiga, goron gayyata ne, kuma wanda ya raba shi barkatai zai tarar da baƙi a gonarsa.

Na san za a ce "da gayya" tana nufin yin abu don a ƙuntata wa wani. Gaskiya ne, sai dai ban taɓa jin Bahaushen da ya ji "aikin gayya" ya ɗauka mugunta ake nufi ba.

Saboda haka a gabatarwarmu mun rubuta "daftarin gayya" ga takardar, "rubutun gayya" ga aikin, "sawun gyara" kuma ga tarihin canje-canje. Ita manhajar kanta har yanzu "dandalin rubutun gayya" muke ce mata, kuma ya yi mini tsawo a baki. Wanda ke da mafi gajarta ya taimaka kafin mu kai wa maɗaba'a.