Abin da na tsinta a hirarmu kan mahaɗai

Jama'a ga ɗan abin da na kwaso daga muhawarar da muka yi jiya kan kalmomin da ke haɗa ganga dogarau (sashen jimlar da ba ya iya tsayawa shi kaɗai) da ganga tsayayye (wanda ke iya tsayawa da kansa), irin su idan, kafin, saboda, don, tunda, muddin, ko da yake.

Shawara ta farko, kar ka tsaya haddace ma'ana kawai, duba lamirin (irin su "su", "sun", "suka") da ke biyo bayan mahaɗin. Kafin dai kullum "kafin su zo" ake cewa, babu Bahaushen da zai ce "kafin sun zo". Shi kuwa "idan" ba ruwansa, "idan sun zo" da "idan suka zo" duk suna tafiya.

Inda aka fi daɗewa ana ja shi ne kan "da", don wallahi kalmar nan fitina ce a rubutu tunda ba ma sa alamar karin sauti ko ta tsawon wasali. "Da suka iso muka ci abinci" labari ne ya wuce, "da sun iso za mu ci" ana jira ne, shi kuwa "da sun iso da mun ci" ai ba su ma iso ba, kuma da ɗinsa ja ake yi. Aka ce in ka rikice karanta da ƙarfi, kunne zai raba maka.

Wani malami ya ƙara da cewa "don" fuska biyu gare shi, "na zo don in gan ka" manufa, "na zo don na ji ba ka da lafiya" dalili. Sai waƙafi, in ganga dogarau ya zo farko a ɗan sa masa.