EnergyPlus na ba ni wutar AC ƙasa da abin da mita ke nunawa

Sabon_Injiniya:
Assalamu alaikum. Ofis ne mai ɗaki 6 a Kano, ginin bulo inci 9, rufin kwano da silin, kowane ɗaki da AC mai doki ɗaya da rabi. An zana shi a OpenStudio, manhajar da ke amfani da EnergyPlus wajen lissafa wutar da gini zai ci, an sa fayil ɗin yanayi na filin jirgin Kano. Wutar da manhajar ta lissafa wa watan Afrilu ta gaza ta mita da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma da wannan lissafin za a sayi sola, inbata da batir. Ta ina zan fara dubawa?

Malam_Zayyana:
Wa alaikumus salam, Injiniya. Fara da ƙasan daɓe. Idan ba ka cike gurbin zafin ƙasar da ke ƙarƙashin gini ba, wato Site:GroundTemperature:BuildingSurface, EnergyPlus kan ɗauki digiri 18 a duk watannin shekara. A Kano wannan ƙarya ce tsagwaronta: daɓen zai riƙa shanye zafin ɗakin dare da rana, AC ya samu hutun da ba ya samu a zahiri. Buɗe eplusout.err, fayil ɗin da manhajar ke rubuta kurakurai, za ka ga gargaɗin a ciki. Kada kuma ka kwashi zafin ƙasa na fayil ɗin yanayi ka liƙa, wancan na fili ne da babu gini a kansa. Ka yi amfani da Foundation:Kiva, ɓangaren manhajar da ke lissafa musayar zafi tsakanin daɓe da ƙasa, ko a taƙaice ka sa digiri 2 ƙasa da matsakaicin zafin cikin ɗakin na kowane wata.

Sai rufi. Kada ka haɗa kwano da silin a matsayin shimfiɗa ɗaya. Sararin da ke tsakaninsu ka mai da shi sashe mai zaman kansa wanda ba a sanyayawa, don da azahar ya fi waje zafi nesa ba kusa ba. Manhajar na ɗauka fenti na shan 0.7 na hasken rana. Tsohon kwano mai tsatsa ko mai duhun launi ya wuce haka.

Hajiya_Lantarki:
Abin da Malam ya faɗa haka yake, amma ina zargin wani wuri. Wane irin AC ka sa a ciki? In Ideal Loads ne, abin da yake ba ka zafin da za a cire daga ɗaki ne, ba wutar da za a ci ba. Mutane kan raba shi da COP ɗin da ke jikin kwali, wato adadin sanyin da AC ke bayarwa a kan kowane wat na wuta, su wuce. To wancan adadin an auna shi ne waje na digiri 35. A Afrilu, ga digiri 40, ga na'urar waje an kafe ta a bangon yamma, kwamfuresa zai ƙara jan wuta, sanyin da yake bayarwa kuma ya ragu. Sa na'urar DX ta gaske, wato samfurin AC mai kwamfuresa, wadda ƙarfinta ke sauyawa da zafin waje.

Ka je ofishin ka duba rimot. A manhaja an sa 24, ma'aikata kuwa 16 ko 18 suke dannawa, ƙofa a buɗe, iska na kurɗawa ta gefen tagogi. Mutum ɗaya a zaune wajen wat 120 yake fitarwa, a ƙirga har da baƙi, firji da butar shayi.

Mai_Sola:
Ɗan'uwa, ko lissafin ya daidaita, kada ka zaɓi inbata da shi. Mafi ƙanƙantar tazarar lokaci a EnergyPlus minti ɗaya ce, fizgar da kwamfuresa ke yi in zai tashi kuwa ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba, kuma ta ninka wutar aikinsa sau da yawa in ba AC mai inbata ba ne. AC 6 su tashi tare bayan an ɗauke wuta, sai inbata ta yanke. Wannan da hannu ake lissafa shi daga takardar na'urar.

A PVWatts, manhajar lissafa wutar da faifan sola zai bayar, asarar ƙura kashi 2 cikin 100 aka saka, wanda ya yi kaɗan ga watannin hunturu in ba wanke faifan ake yi a kai a kai ba.

Malam_Zayyana:
Injiniya, abu ɗaya-ɗaya za ka riƙa gyarawa kana sake gudanarwa. Ka samo karatun mita na wata 12, haɗe da abin da janareta ya bayar, don mita ba ta ganinsa. Ƙa'ida mai lamba 14 ta ASHRAE, ƙungiyar injiniyoyin ɗumama da sanyaya gini, ta yarda da NMBE (matsakaicin bambancin lissafi da mita) cikin kashi 5 da CV(RMSE) (warwatsuwar bambancin daga wata zuwa wata) kashi 15 a bayanan wata-wata. Turo mana eplusout.err ɗin mu gani.