Taragon gyaɗa na 1953: in ƙera da hannu ko in sayi na Amurka in sake fenti?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini. Mahaifina ya yi akawun awo a wajen lodin gyaɗa a Kano. Hoto ɗaya ya rage mana na lokacin, an rubuta 1953 a bayansa: dalar gyaɗa a can baya, tarago uku rufaffu a kan layi, leburori na hawa katako da buhu a ka. Yanzu ya haura casa'in, ido ya tafi, amma hannunsa na gane abu. Ina son in haɗa masa wurin nan a ƙaramin samfuri, tarago shida da dala ɗaya a kan tebur mai ƙafa shida, ya shafa ya ji.

Abokina zai dawo daga Ingila, ya ce in tura masa jerin kaya kafin Juma'a. Na ware naira dubu 150. Hanya biyu ce a gabana. Ko dai ya sayo mini taragan Amurka na hannu a ma'aunin HO (wani ma'aunin ƙananan samfuran jirgin ƙasa) in sake musu fenti, ko ya sayo tayoyi da layi kawai, ni in ƙera jikin da kaina. In ta biyun ce, yaya ake fitar da awo daga hoto ɗaya tak?

Abu Sadik: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ka shiga kasuwa wajen masu kayan wasan yara, akwai jirgi mai batir har da hayaƙi yake yi, na saya wa yarana dubu 18.

Injiniya Sabon Gari: Malam Abu, ba abin wasa yake nema ba. Baban Ummi, kafin maganar kuɗi a fara da faɗin layi. Tsohon layinmu ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1067. Na Amurka da Ingila 1435 ne. Ma'aunin HO 1:87 ne, layinsa milimita 16.5, an yi shi ne don kwaikwayon wancan mai faɗin. In ka raba 1067 da 87 za ka samu 12 da 'yan kai, ka ga a HO layi mai milimita 12 ne namu, shi kuwa kayansa sun yi ƙaranci. Amma raba 1067 da 64: 16.7. Ke nan layin HO na gama-gari ya zauna daram a kan namu in ka ƙera jiki a 1:64. Haka mutanen New Zealand ke yi shekara da shekaru, don layinsu irin namu ne, suna kiran sa Sn3½. Kowace ƙafa ɗaya ta gaske ta zama milimita 4.76. Kuma tunda shafawa Baba zai yi, babban ya fi masa.

Maikatako: Lissafi mai daɗi a takarda. Wa zai yanka masa ƙofa shida da ƙusoshi ɗari-ɗari kafin tsohon ya gani? Ni na sayi taragan HO na hannu a wata baje-koli a Ingila, fam 8 kowanne. Fenti kawai, an gama.

Abu Sadik: Fam 8 a wace shekara? Ƙanina ya duba mini bara, bai ga na ƙasa da fam 25 ba.

Maikatako: Sabo ya duba maka. Na hannu nake magana, wanda ba kwali.

'Yar Nguru: Ni a wani shafin sayayya na Sin na ga har na dubu 9, amma kuɗin kawowa ya ninka kuɗin kayan. Yaya Baban Ummi, dubu 150 ɗin nan fam nawa za ta zama ranar da zai canza? Ka fara tambayar wannan.

Tsohon Loko: Salamu alaikum. Jikata ke rubuta mini. Na yi aikin fayaman, wato mai zuba kwal a wutar inji, a kan jirage masu kwal, irin masu sunayen kogunan nan, kafin dizal ya gama karɓe aiki. Yaro, kada ka ɗora wa mahaifinka taragon Amurka a hannu. Yana shafa goshinsa zai gane ba namu ba ne. Namu ƙugiya ɗaya gare shi a tsakiya, ABC ake ce mata, ita ke riƙo ita ke karɓar karo. Na Ingila suna da faranti biyu a gefe, na Amurka nasu kamar dunƙulen hannu. Birkinmu na bakyum ne, akwai wata tukunya babba a ƙarƙashin tarago, da mesa mai kauri da ake haɗawa tsakanin tarago da tarago. Na Amurka birkin iska ne, ga dogon katakon takawa a bisa rufi. Wanda ya yi shekaru yana ƙirga buhu a bakin ƙofar tarago ba za a ruɗe shi da fenti ba.

Baban Ummi: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. To maganar awon fa?

Ɗan Marayan Zaki: Ɗan'uwa, ka tsaya ka ji abin da ya same ni kafin ka ba kowa ko sisi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai duba taragai ne. Da ya rasu muka samu wani littafi a akwatinsa, bangonsa shuɗi ya koɗe, kowane shafi zanen tarago ɗaya ne daga gefe da kuma goshi, da tsawo da faɗi da nauyin da yake ɗauka. A gefen wasu shafukan akwai rubutunsa da fensir, inda ya gyara lamba. Har ƙanshin baƙin mai littafin yake yi.

Shekara biyu da suka wuce aka haɗa ni da wani mai na'urar 3D, wadda ke buga samfuri da roba, a wani gari. Ya ce hoton waya ba ya fitar masa da ƙananan lambobi, in aiko littafin da kansa, sati biyu zai dawo da shi. Na ba direba a tasha da hannuna, na tura kafin alƙalami dubu 60. Wata huɗu ina kira. Da kayan suka iso, tarago huɗu ne a kwalin taliya. Jikin ya buga shi a 1:76, ƙafafun ya kwafo na 1:87 daga intanet, sai taragon ya zama kamar ƙato a kan keken yara. Na ce ba komai, na jera su a kan taga. Zafin Afrilu bai ƙare ba rufin biyu ya lanƙwashe.

Kuɗin ban damu da su ba, wallahi. Littafin nake nema. Ya ce ya ba yaronsa ya kai tasha, yaron ya ce ya ba direba, direba ya ce bai san zancen ba. Na je garin sau biyu. A zuwa na biyu na tarar ya tashi daga shagon. Mahaifiyata ta tambaye ni littafin ranar da ƙanwata ta haihu, tana son a nuna wa baƙi rubutun marigayi. Na rasa abin da zan ce mata, na fita waje.

'Yar Nguru: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Baba, ya bi maka hakkinka. Ko shafi ɗaya ba ka ɗauka a waya ba?

Ɗan Marayan Zaki: Shafi bakwai, waɗanda na fara tura masa. Biyu na buɗaɗɗen wagunu ne, ɗaya na shanu, sauran ba su fito sosai ba.

Abu Sadik: Ka faɗi sunansa a nan kowa ya san shi.

Ɗan Marayan Zaki: Na bar shi da Allah.

Injiniya Sabon Gari: Abin da ciwo, Allah ya musanya. Amma kada a ɗora laifin a kan na'ura. Roba ta lanƙwashe ne don bangon ya yi siriri kuma ba a gasa ta yadda ya kamata ba. Ni na buga ƙafafun tarago a nan gida, shekara uku suna nan.

Maikatako: Mutum na kukan littafin ubansa kai kana kare na'ura.

Injiniya Sabon Gari: Ina amsa wa mai tambaya ne, tunda kowa ya manta da shi. Baban Ummi, hoto ɗaya zai ba ka awo in akwai abu ɗaya a cikinsa da ka san girmansa. In goshin tarago ya fito, ga layi nan a ƙasa, tsakanin ƙarfe da ƙarfe 1067 ne, da shi za ka auna faɗi da tsayi. In daga gefe aka ɗauka, tayar ce ma'auninka, sai ka samu tsohuwar taya ka sa mata tef. Ka ƙirga katakan jiki ɗaya bayan ɗaya da madubin ƙara girma. Hattara da hoton da aka ɗauka a karkace, ƙarshen da ya yi nisa yana gajarcewa. Kuma ka duba rubutun jiki: a 1953 sunan hukumar jirgin Nigerian Railway ne, sai 1955 ta zama Corporation. Kada ka sa wa taragonka haruffan da ba a haife su ba tukuna.

Yawancin taragan zamanin ta hannun Crown Agents, wakilan da ke sayo wa gwamnatin mulkin mallaka kaya, aka yi odarsu daga kamfanonin Ingila. Ƙungiyar HMRS ta can, ta masu ƙera samfurin jiragen ƙasa na tarihi, tana riƙe da tarin zanen kamfanin taragai na Metropolitan-Cammell, ma'adanar tarihi ta Gloucestershire kuma tana da kundayen hotunan kamfanin taragai na Gloucester. Abokinka ya rubuta musu. A gida ka gwada ma'adanar tarihi ta ƙasa a Kaduna, da gidan Jaekel, gidan tarihin jirgin ƙasa da ke Ebute Metta a Legas.

Tsohon Loko: Yaro, takarda daban tarago daban. Na ga taragon da aka sauya wa katako sau uku a gareji, aka yi masa ƙofa daga wani da ya mutu. Zanen Bature zai nuna maka ranar da aka sauke shi daga jirgin ruwa, ba ranar da ya zo Kano ɗaukar gyaɗa ba. Kai ka taɓa haɗa mesar birki da hannunka?

Injiniya Sabon Gari: Ban taɓa ba Baba, ku ne manya. Amma a gafarce ni, ku a ƙarshen zamanin kwal kuka yi aiki, hotonsa kuwa na 1953 ne. Akwai tazara.

Tsohon Loko: Taragan da na ja wasu sun girmi ubanka.

Bazazzagi: Ku bar Bakano da lissafinsa, so yake ya gina dala da dubu 150 ya kuma samu canji. Baban Ummi, ka sa ido kada Kanawan gidanku su sayar da ƙananan buhunan kafin Baba ya shafa.

Baban Ummi: Za mu haɗu, Bazazzagi. Jirgin ai ta garinku yake wucewa ba ku taɓa tare buhu ɗaya ba.

'Yar Nguru: Maganar buhu da gaske ce fa. Ana cewa dala ɗaya kan ci buhu dubu 15. Ba za ka ɗinka su ba. Ka yi dalar da katako, ka lulluɓe sama da ƙyalle kamar tamfol, ka bar gefe ɗaya a buɗe da buhunan da ka murza da yumɓu, ka danna musu bandeji su yi sawun saƙa. Kakata ta ce a Nguru ma haka gyaɗa ke jibge tana jiran jirgi, tun da layi ya iso a 1930. Bayan yaƙin duniya na biyu ƙarancin kan jirgi da taragai ne ya sa dalar ke daɗewa a tsaye.

Maikatako: To launi fa? Hoton baƙi da fari ne. Ni toka-toka na sani.

Tsohon Loko: Ja ne mai duhu, kamar ƙasar jan gargari.

Maikatako: Baba, ko tsatsa kuka gani?

Ɗan Marayan Zaki: Da littafin na nan da an huta da musu a kan awo. Kuma ba littafi kaɗai ke ɓacewa ba. A bayan wata tasha kusa da mu akwai tsofaffin taragai biyar da muka taso muna wasa a ciki. Bara na je da tef zan auna, na tarar da masu yankan ƙarfe da tukunyar gas. Na roƙi ɗaya ya cire mini farantin da ke jikin firam, mai sunan kamfani da shekarar ƙira. Ya ce an riga an auna a kilo.

Abu Sadik: Ko maƙabarta ba su bari ba, balle tarago. Har ƙusoshin layi suke cirewa da dare.

Bazazzagi: Ku je ku nemi sawun ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya zuwa Jos, mai ƙafa 2 da inci 6, wanda aka rufe a 1957. Yaran yanzu in ka ce musu jirgi ya taɓa bi ta wajen sai su ɗauka tatsuniya ce.

Injiniya Sabon Gari: Shi ya sa nake cewa duk wanda ya ga tsohon tarago ya ɗauki hoto ta fuska huɗu da sandar awo a jingine, ya shiga ƙarƙashi ya ɗauki tukunyar birki. Minti ashirin ne.

Baban Ummi: Jama'a gobe Juma'a, har yanzu ban tura masa komai ba. Tayoyi da layi, ko taragai?

Maikatako: Taragai.

Injiniya Sabon Gari: Tayoyi. Amma kada ka faɗi girmansu sai ka auna ta gaske.

'Yar Nguru: Akwai wani jikin tarago da aka mayar sito a unguwar su mijina, ba ƙafafu, amma katakon da ƙofar suna nan. Na ji an yi cinikinsa da masu gwangwan, bayan sallar Juma'a za su zo da mota. Wa ke da tef mai tsawo a kusa?

Ɗan Marayan Zaki: Hajiya turo mini kwatance. Ki ce wa maigidan ya duba firam ta ɓangaren hagu ko farantin na nan, kada ya bari su taɓa shi kafin in iso.