Ƙwarin teku sun manne wa farfela, yaya ake cire su?

Baban Sadiya, Nima: Assalamu alaikum. Kwale-kwale ne a Jamestown da ke Accra, injin Yamaha 40. Gansakuka da ƙwarin nan masu ɓawo sun cika farfela, gudu ya ragu, mai yana ƙonewa. Da me zan kankare ba tare da lahani ba?

Makanike, Tema: Wa alaikumus salam, Alhaji. Cire wayar fulogi tukuna. Zare fin da ke riƙe noti, ka tokare farfela da katako, ka kwance noti. Kankare tun tana jiƙe, da katako ko roba mai tauri. In ta bushe sai ka sha wuya. Farin gindin da ke saura alli ne: jiƙa shi a ruwan khal awa 1 zuwa 2, goge, ɗauraye da ruwan famfo. Farfelar alminiyom ce, kada asid mai ƙarfi ko burushin ƙarfe su taɓa ta. Girinda kuwa tana cin fiffike ɗaya fiye da sauran, inji ya kama karkarwa.

Ɗan Chorkor: Malam ya gama magana. Amma duba bayan washa, zaren kamun kifi kan naɗe a sandar farfela ya yanke sil, wato robar da ke hana ruwa shiga giya. In man giya ya koma kamar madara, ruwa ya shiga. Shafa giris kafin mayarwa, fin kuma sabo.

Baban Sadiya: Na gode. Fenti fa?

Makanike: Ban da mai jan ƙarfe a ciki, yana cinye alminiyom. Kada ka shafa fenti a kan tutiyar da ke ƙafar inji, wato guntun ƙarfen da ke kare shi daga cin ruwan gishiri. In kun dawo, ɗaga injin daga ruwa.