Ina za mu kai yara rihla su ga zane-zane a Jidda?

Ummu Hanan:
Assalamu alaikum jama'ar gida, dan Allah shawara nake nema. Ina koyarwa a wata ƴar makarantar yaranmu nan Jidda wajen Karantina, bana mudir (shugaban makarantar) ya ɗora min shirya rihla, wato fita yawon buɗe ido, ta ƴan aji huɗu da biyar, kuma ni dai wlh na gaji da a kai yara malahi su hau lilo su ci kajin Albaik a dawo gida ba abin da ya zauna musu a ka. So nake mu je mathaf inda ake nuna zane-zane. To ban san wanne ya dace ba, sannan tun kafin in raba takardar muwafaƙa (ta amincewar iyaye) wasu iyayen sun fara cewa wai wajen gumaka za a kai musu ƴaƴa. Wanda ya taɓa yi ya taimaka min.

Abu Ammar:
Wa alaikumussalam Malama. Ki fara da cibiyar fasaha ta Hayy Jameel a unguwar Muhammadiyya, ƙarshen 2021 aka buɗe shi, suna canza abin da suke nunawa lokaci lokaci kuma suna shirya ayyukan hannu na yara. Amma kar ki kwashi yara a bas kawai ku dira, ki yi hajzi (kama wuri) tukuna ki faɗa musu yawansu da shekarunsu. Kuma ki je ke kaɗai ki zagaya kafin ranar, in uba ya tambaye ki me za a gani kin san abin faɗa.

Bakaniya_Makka:
Kash Malama da lokacin bajekolin Biennale na fasahar Musulunci ne da kin huta da surutun iyaye. A Madinatul Hujjaj ake yi, can filin jirgin Sarki Abdul'aziz ƙarƙashin rumfunan nan da alhazanmu ke sauka, an yi na farko 2023 na biyu 2025 daga Janairu zuwa Mayu, duk bayan shekara biyu ne. A na 2025 an kawo kiswar Ka'aba cikakkiya, mu da muke ganinta daga nesa wajen ɗawafi ranar ne yarana suka ga ashe baƙin ma akwai rubutu saƙe a jikinsa, ba zinaren sama kaɗai ba. Ƙaramar tawa har yau in ta samu takarda sai ta ce khaɗɗin sulusi take yi, kwashe-kwashe ne kawai amma dai.
Tunda babu shi yanzu, in kuna da halin zuwa Makka akwai ma'arad (gidan nuni) na gine-ginen Harami biyu a Ummul Jud kusa da masana'antar kiswa, tsofaffin ƙofofi da ginshiƙai da rubuce-rubuce. Ba uban da zai ce a'a.

Malam Na Sabil:
Ni fa ina ganin kar a raina maganar iyayen. Ba jahilci ba ne, akwai wuraren da in ka je mutum-mutumi ne, ko bakin Kurnish wajen Hamra ayyukan masassaƙa irin su Henry Moore ne a jere a fili, wani bai damu ba wani kuma ba ya so, haƙƙinsa ne. Ki rubuta a takardar muwafaƙa ƙarara inda za a je da abin da za a kalla, wanda ya sa hannu shikenan wanda bai sa ba kar a matsa.

Abin da na fi so ki kula da shi daban ne. Yaranmu ba baƙin zane ba ne, duk wanda aka yi saukar Alƙur'ani a gidansu ya san zayyanar allo, sun san hula zanna, sun san lalle. Kafin ranar ki kawo allo mai zayyana aji su kalla su faɗi me suka gani, murabba'i nawa, ina layi ya shiga ina ya fita, wane launi aka maimaita. In sun je can sai ki ba kowa fensir da takarda ya zaɓi abu ɗaya tak ya zauna gabansa ya kwaikwaya. Don in kika ce sai an ga kowane ɗaki, zagaye za su yi kamar tumaki suna tambayar yaushe za a ci abinci. Kuma kar ki bar mai bayani ya yi ta zuba da Larabcin fusha shi kaɗai, ki riƙa tsayar da shi kina maimaita musu da Hausa, wasu Larabcin titi kawai suke ji.

Abu Ammar:
Haka ne Malam. In kuɗi ya yi ƙaranci ma Balad, tsohon garin Jidda, na nan, gidajen rawashin (tagogin katako) irin su Baitu Nasif, tun 2014 UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihi na duniya, katakon tagogin kaɗai ya ishe su zane. Sai dai a bari sanyi ya shigo, kuma babba ɗaya kan yara biyar ko shida saboda lunguna.

Ummu Hanan:
Jazakumullahu khairan, na gode ƙwarai. Ranar Asabar in sha Allah zan leƙa Hayy Jameel ɗin ni kaɗai, in ya yi sai in kai wa mudir. Malam Na Sabil ko kana da allon da za ka ara min? Namu na gida an bar shi Kano. Sannan wa ya san direban kosta mai amana wanda ba zai ce ƙarfe bakwai ya zo tara ba, ya turo min ta sirri.