Kalmomin masu rediyon sha'awa sun ɗaure mini kai

Ɗan Tudun Wada, Gombe:
Assalamu alaikum, yayyena. Ina sauraren masu rediyon sha'awa, wato masu hira da juna ta rediyo, a mita 20, ina jin CQ, QRM, 59 da 73. Me suke nufi?

Malam Na Yelwa, Bauchi:
Wa alaikumus salam, ƙanena. CQ kira ne ga duk mai ji. 59 rahoton sigina ne: lamba ta farko tsabtar murya, daga 1 zuwa 5, ta biyu ƙarfinta, daga 1 zuwa 9. Kada ka riƙa ba kowa 59, rahoton gaskiya ne ke nuna wa mutum eriyarsa na da matsala. 73 kuwa gaisuwar sallama ce.

Injiniya Pantami:
A bambance QRM da QRN. QRM hayaniyar da mutum ya jawo ce: wata tasha, inbata, cajar waya. Kashe kayan wutar gida ɗaya bayan ɗaya, za ka gano mai laifin. QRN ta tsawa ce, da damina take yawa, musamman a mita 40. QSB kuma sigina ce ke ɗagawa tana sauka.

Malam Na Yelwa:
Idan murya ta fito a cakuɗe, duba yanayin rediyon: a sa shi a USB (ɓangaren sama na sigina) a 14 MHz, wato mita 20, LSB (ɓangaren ƙasa) kuma a 7 MHz, wato mita 40. Lambar kira, wato sunan da kowace tasha ke bayyana kanta da shi, a Najeriya da 5N take farawa.